Hular Saƙar Uwargida ko Hular Kwano?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekarata 41, da keke nake zuwa aiki, tafiyar kilomita tara, kuma tun gari bai gama wayewa ba nake fita. Inda muke zaune sanyi ba ya wasa, yawancin safiya digiri biyu ne ko uku, wata rana ya sauka ƙasa da sifiri. Maiɗakina ta yi kusan wata guda tana saƙa mini hula mai kauri mai tuntu, da dogon ƙyallen wuya na ulu. Matsalar ita ce hular kwanona ba ta zama a kan hular. Da farko nakan rataye hular kwanon a jikin keken in tafi da ta saƙar, amma in isa wurin aiki kaina sharkaf da gumi, ga ciwon kai. Yanzu kuwa ina fita da hular a kaina don ta gani, in na sha kwana sai in tsaya in tura ta a jaka in sa hular kwano, kunnuwana su yi ta zogi har in isa. Ran nan jelar ƙyallen ta warware ta taɓa tayar baya, gabana ya faɗi. Wani abokin aikina ya ara mini hular nan mai rufe fuska gaba ɗaya, amma tabarauna suka yi hazo, ko gabana ba na gani. Ita kuma ta ce ranar da na yi mura to keken ya shiga ɗaki. Ba na son in ɓata mata rai, ba na kuma son in bar keken. Yaya zan yi?

Wani mai karatu

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan tsayuwar da kake yi kullum bayan ka sha kwana, yatsu sun ƙage, kana cire hula kana sa wata, kana waiwaye kada wani ya gan ka. Mutumin da ke ɗaukar wa kansa wannan wahala don kada ran matarsa ya sosu, mutum ne mai sonta. Wadda ta yi wata guda da zare a hannu ita ma soyayya ce ta zaunar da ita. Don haka ka kwantar da hankalinka, gidanka lafiya yake. Kayan da ka ɗora wa kanka ne ba su dace da aikin ba, kuma wannan abu ne mai gyaruwa cikin mako guda.

Amma akwai abu biyu da ba zan so su jira mako ba. Na farko, daga gobe kada ka sake hawa keke da dogon ƙyallen nan a wuyanka. Abin da ya same ka ran nan gargaɗi ne. Taya mai juyawa in ta kama ƙyalle ba ta saki, naɗe shi take yi, ɗayan gefen kuma wuyanka ne. A shekarar 1927, a birnin Nis na Faransa, haka shahararriyar 'yar rawa Isadora Duncan ta rasa ranta, dogon gyalenta ne ya shiga tayar motar da take ciki. Keke bai kai mota ƙarfi ba, amma ya isa ya fizge mutum daga sirdi ya buga shi da ƙasa. Na biyu, hular kwano ba abar ratayewa ba ce. A shekarar 2016 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Jake Olivier da Prudence Creighton, sun tattara nazarce-nazarce 40 da suka shafi mahaya keke sama da 64,000 da suka yi haɗari, suka ga hular kwano tana rage yiwuwar raunin kai da kusan rabi, mummunan raunin kai kuwa da kashi 69 cikin ɗari. Lokacin sanyi shi ne lokacin da hanya ta fi santsi, gari kuma ya fi duhu. Wanda ya cire hular kwano don gudun sanyin kunne, ya yi gudun gara ya tadda zago.

To me ya sa hula mai kauri, wadda za ta yi maka daɗi in kana tsaye a ƙofar gida, ta zame maka matsala a kan keke? Dalilin shi ne mai keke da sanyi iri biyu yake fama, kuma hular ba ta maganin ko ɗaya. Na farko iska ce. Ko da ganye ba ya motsi, kai da kanka kake haifar da iskar da ke dukan fuskarka. Bisa lissafin da hukumomin yanayi na Amurka da Kanada ke amfani da shi tun 2001, idan ma'aunin zafi ya nuna sifiri kuma iska na kaɗawa kilomita 20 a awa, fata za ta ji kamar digiri biyar ƙasa da sifiri. In ka saki keken a gangare ya kai kilomita 40, ya koma kamar bakwai ƙasa da sifiri. Saƙar hannu da zare mai kauri kuwa, ɗaga ta ka duba ta wajen haske, za ka ga ƙofofi ko'ina. Iska ta nan take shiga. Na biyu gumi ne. Bayan minti goma kana taka feda jikinka ya zama murhu, hular ta riƙe zafin, kai ya jiƙe. Ruwa kuwa ya fi iska saurin kwashe zafin jiki kusan sau 25. Sai ka hau tudu kana zufa, ka sauko gangare iska ta ratsa saƙar ta tarar da jiƙaƙƙen kai. Ciwon kan da kake isa da shi, ina kyautata zaton daga nan yake, ko da yake in ya ci gaba bayan ka gyara shigarka, to ka ga likita.

Akwai kuma wata magana da ta daɗe tana yawo, cewa wai kusan rabin zafin jiki ta kai yake fita. Wani littafin koyar da sojojin Amurka na 1970 ne ya yaɗa ta, inda ya ce kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari. Likitoci biyu, Rachel Vreeman da Aaron Carroll, sun warware ta a mujallar likitocin Birtaniya a 2008: abin da ke fita ta kai bai wuce kusan kashi goma ba, daidai da girman kai a jiki. Abin da ke gaskiya shi ne kunne da goshi da kumatu sun fi sauran jiki jin sanyi, musamman kunne, don yawancinsa fata ce da guringuntsi, ba wani tsoka ko kitse sosai, ga shi a tsaye a bakin iska. Na kawo wannan ne don ka gane ba bargo kanka ke nema ba. Abin da yake nema shi ne a tare iska daga kunne da goshi, a bar gumi ya fita ta sama.

Saboda haka abin da zan ce ka nema shi ne siririyar hula mai ɗame kai, wadda ake yi don a sa ta ƙarƙashin hular kwano. Ba ta da tuntu, ba ta da lanƙwasasshen baki, ɗinkinta a kwance yake don kada ya danne fata, kuma tana saukowa ta rufe kunne har leɓatunsa. Wannan na ƙarshen ka lura da shi da kyau wajen gwadawa, don da yawa suna rufe saman kunne su bar ƙasansa a waje, in ka juya kai sau biyu kuma su zame sama. Wasu ana sa musu ƙyalle mai tare iska a goshi da kunnuwa, saman kuma a bar shi mai numfashi, kuma a irin sanyin da ka kwatanta, ita zan zaɓa maka. In kai mai yawan gumi ne ko mai suma da yawa, wataƙila ma ɗan ƙyallen nan mai zagaye goshi da kunnuwa ya bar tsakiyar kai a buɗe ya ishe ka a ranakun da ma'auni ya haura biyar.

Game da yadin, auduga ce kaɗai zan ce ka guje mata. Tana shan gumi ta riƙe, ta kwanta a fata da sanyi. Saura biyu ne, kowanne da halinsa. Ulun tumakin merino gashinsa siriri ne, ba ya ƙaiƙayi kamar ulun da aka saba, yana iya shan danshi kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa kafin ka ji ya jiƙe, ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi, kuma ba ya saurin wari. Aibinsa shi ne jinkirin bushewa da saurin hujewa. Yadin roba irin na kayan 'yan wasa ya fi saurin bushewa da juriya, amma kwana biyu ba wanki za ka ji shi. Tunda sau biyu kake hawa a rana, ka tambayi kanka ko akwai inda za ka shanya hular a wurin aiki. In babu, ta roba ta fi maka, ko ka sami biyu ka ajiye busasshiya a jaka don dawowa. Sa jiƙaƙƙiyar hula da yamma ya fi fita ba hula muni.

Wuya kuma, maganinsa ƙyallen nan ne da aka yi shi zagaye kamar hannun riga, ba shi da jela ko kaɗan, kai ake zurawa a ciki. Mutane da yawa da sunan Buff suka san shi, sunan kamfanin da wani mahayin babur, Joan Rojas, ya kafa a Sifaniya a 1992, amma kamfanoni da dama suna yin irinsa kuma duk aikin ɗaya ne. Ina son wannan ƙyalle ƙwarai saboda yana bin yanayin tafiya. Da ka fito, ka ja shi ya rufe haɓa da baki. In jiki ya ɗau zafi a kan tudu, yatsa ɗaya ya isa ya sauke shi. Kafin gangare ka mai da shi. Ka tura ƙasansa cikin wuyan riga, ka ja bayansa sama ya shiga ƙarƙashin hular, don wannan 'yar kafar da ke ƙeya tsakanin hula da riga ita ce ƙofar da sanyi ya fi so.

Abokin aikinka bai yi kuskure ba, hular mai rufe fuska tana da ranarta, kuma wataƙila shi ba ya sa tabarau. Amma a ganina ta yi maka yawa a digiri biyu ko uku. Ni sai ma'auni ya kai kamar biyar ƙasa da sifiri nake ganin ta cancanta, kuma ko a nan gara mai ƙofofin numfashi a baki, ko wadda haɓarta ke sauka daban. Siririyar hula da ƙyallen wuya in ka haɗa su sun rufe duk abin da take rufewa, kuma kana iya sassauta ɗaya ka bar ɗaya. Ka wanke tasa ka mayar masa da godiya.

Hazon tabarau kuwa numfashinka ne. Iska mai ɗumi da danshi ta fito daga baki, ƙyalle ya tare ta, ta nemi hanya sama ta gefen hanci, ta tarar da gilashi mai sanyi. Muddin kana tafiya iska na share shi, in ka tsaya a danja ne yake rufe ka. Don haka ka saba da sauke ƙyallen ƙasa da hanci kafin ka tsaya, ka ɗan zamo da tabarau gaba a kan karan hanci don iska ta ratsa bayansu, in ka fitar da numfashi kuma ka tura shi ƙasa. Akwai ruwan shafawa na hana hazo, yana taimakawa. Wani ƙaramin abu da mutane ke mantawa: ka ɗora hannayen tabarau a kan hular, kada ka cusa su ƙarƙashinta. In suna ciki, ɗaga bakin hular suke yi su buɗe wa iska hanya kai tsaye zuwa kunne.

Duk abin da ka saya, da hular kwanonka a hannu za ka gwada shi. Ka sa siririyar hular, ka sassauta abin ɗaurewa na ƙeya, ka ɗora hular kwano, ka sake ɗaurewa. Bakinta ya tsaya kamar faɗin yatsa biyu sama da gira, ba ta koma ƙeya ta bar goshi a fili ba. Igiyoyin su haɗu ƙasan kunne, ta haɓa kuma yatsa ɗaya ko biyu kawai su iya shiga. Ka girgiza kai, ka sunkuya. In ta yi lilo, abin da ke ƙarƙashinta ya yi kauri. Soson da ke cikin hular kwano an yi shi ne ya murƙushe ya shanye bugun, kuma ba zai yi haka ba in ta zame kafin kai ya taɓa ƙasa. Sannan ka waiwaya hagu da dama ka tabbatar babu abin da ya tare maka gefen ido, ka sa wani ya yi magana a bayanka ka ji ko kana jinsa. Wannan ne ya sa ba na son a ja hular jikin riga a rufe kai a kan keke, don in ka waiwaya cikinta kake kallo, ba motar da ke tafe ba. In har yanzu goshi na sanyi, kada ka ƙara kauri a ciki, ka toshe iskar daga waje: akwai rigar hular kwano da ake ɗora mata, ka zaɓi mai launi mai haske da ɗaukar ido tunda cikin duhu kake fita, ko ka manne ƙofofin gaba da tef ka bar na baya a buɗe.

Yanzu mu koma gida, don can ne ainihin tambayarka take. Ka sa kanka a matsayinta. Kullum tana ganin mijinta ya fita cikin duhu da sanyi a kan taya biyu, ba ta da iko da hanya, ba ta da iko da direbobi. Abin da ke hannunta shi ne zare, sai ta saƙa tsoronta a ciki ta ba ka. Maganar mura ma, ina jin ba murar ce kaɗai ke damunta ba, ita ce dai abin da ya fi sauƙin faɗa. Kuma ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya ba. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mura, iri sama da 200, daga mutum zuwa mutum, sanyi shi kaɗai ba ya haifar da ita. Amma akwai binciken da ya nuna cikin hanci in ya yi sanyi kariyarsa tana raguwa, busasshiyar iska mai sanyi kuma tana tayar da tari da asma ga masu ita. Rufe baki da hanci da ƙyalle yana ɗumama iskar kafin ta shiga ƙirji. Ruwan da ke zuba daga hanci in kana cikin sanyi kuwa ba mura ba ce, hancin ne ke aikinsa. Yana da kyau ta san wannan, don kada ta gan ka kana share hanci a bakin ƙofa ta yanke hukunci.

Abin da zai fi sosa mata rai shi ne ta gano da kanta, ranar da ta buɗe jakarka, ko wani ya ce mata ya gan ka kana canji a bakin hanya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ƙaryar ta ƙauna ce. Ka riga wannan ranar. Ka zaɓi lokacin da kuke zaune ba gaggawa, ka ɗauko hulunan biyu, ka sa tata, ka ɗora hular kwano a kai, ka bar ta ta gani da idonta yadda take tsayawa can ƙololuwa tana rawa. Ka gaya mata zancen jelar ƙyallen da taya, kada ka rage komai. Ka faɗa mata abin da kake yi a kwana, da dalilin da ya sa ka kasa faɗa. Wataƙila ta ɗan yi shiru, wataƙila ta ji zafin ɓoyewar fiye da komai, kuma tana da haƙƙin hakan, ka ba ta haƙuri ba tare da kare kai ba. Amma macen da ta yi wannan aikin don ta kare ka ba za ta zaɓi hula a kan ƙoƙon kanka ba.

Sannan kada ka fitar da ita daga maganar, ka jawo ta ciki. Ƙyallen nan tana iya rage tsawonsa ta haɗe bakinsa biyu ya zama zagaye, sai ya koma abin zurawa a wuya marar jela, kuma na ulu mai kauri ya fi na kanti ɗumi a ranakun tsananin sanyi. In tana da sha'awa, ta gwada saƙa maka wata hular da siririn zare, saƙa mai matsi, ba tuntu, ku gwada ta tare a ƙarƙashin hular kwano. Ka gaya mata ma hular nan mai rufe fuska da ake kira balakalaba ta samo sunanta ne daga wani gari a yankin Kirimiya, inda sojojin Birtaniya suka sha sanyi a yaƙin 1854, aka riƙa saƙo musu irinta daga gida ana aika musu. Ita kuwa hular mai tuntu, wurinta jakarka, kuma ba don ɓoyo ba. Lokacin da ka sauka daga keke, ka cire hular kwano da jiƙaƙƙiyar hular ciki, jiki ya daina aiki gumi ya fara hucewa, a nan ne sanyi ke kama mutum da gaske. Busasshiyar hula mai kauri a wannan mintin babu abin da ya kai ta. Haka in taya ta yi faci ka tsaya gyara a bakin hanya.

Sharaɗin mura kuma ku sake zama a kansa, ku mai da shi yarjejeniyar da kai ma ka yarda da ita. Ka yi mata alkawarin ranakun da ba za ka hau ba: ranar da hanya ta yi ƙanƙara, ranar da kake zazzaɓi ko tari ya sauka ƙirji, da ranar da aka sanar da sanyi mai tsanani. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa in sanyi da iska suka kai 28 ƙasa da sifiri, fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Kai ba ka kusa da nan, amma ka san alamar: in kunne ko kan hanci ya daina zogi ya mutu, ya yi fari ko ya yi tauri, ka shiga wuri mai ɗumi ka ɗumama shi a hankali da tafin hannu ko ruwa mai ɗumi, kada ka murza, in bai dawo daidai ba ka nemi asibiti. In ta ga kai ma ka sa wa kanka iyaka, za ta fi sakin jiki da sauran ranakun.

Ka gwada sabuwar shigar a ranar hutu, zagaye na minti ashirin kusa da gida, mai ɗan tudu da gangare. Minti goma na farko ya kamata ka ɗan ji sanyi. In ka fito kana jin ɗumi tun daga ƙofa, ka sa kaya sun yi yawa, ka rage. In ka dawo, ka cire hular ka miƙa mata ta taɓa ta ji ko ta jiƙe, ta taɓa kunnuwanka kuma ta ji da hannunta. In ka sami sarari ka rubuto mini yadda kuka ƙare, ka kuma gaishe mini da ita.